Man Kolmani, daffon Gombe da tankokin Legas: ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina roƙon masu sani su tanka. Duk ranar da mai ya hau ko layi ya dawo a garin Gombe, sunan da za ka ji a bakin kowa shi ne NNPC. Alhali tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar man fetur a watan Agustan 2021 an sauya fasalin komai. DPR da muka saba jin ta rufe gidan mai babu ita yanzu, haka PPPRA mai tsara farashi, haka PEF da ke biyan kuɗin dako. An kafa hukumomi biyu a madadinsu: NUPRC tana kula da masu haƙo, NMDPRA kuma tana kula da abin da ya kama daga matata har zuwa famfon gidan mai. Ita kuwa NNPC ta zama kamfani. A ɗaya gefen ga ƙungiyoyi birjik. Dillalai suna da IPMAN, masu tankoki suna da NARTO, direbobi da ƙananan ma'aikata suna ƙarƙashin NUPENG, manyan ma'aikata suna da PENGASSAN. Kowa yana da mai magana da yawunsa. To tambayata ita ce: daffon man da ke nan Gombe, wato babban rumbun ajiyar da tankoki ke yin lodi, wanda bututu ya yi shekara da shekaru bai kawo masa mai ba, a cikin duk waɗannan wa ya riƙe maganarsa da gaske? Ni a ganina wannan daffo ya fi shafar aljihunmu a yau fiye da man Kolmani da muke ta yi wa kirari.

Ɗan Pindiga: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma ban yarda da ƙarshen maganarka ba. Yaya za a kwatanta rumbun ajiya da rijiyar mai? Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Buhari da kansa ya zo Kolmani, tsakanin Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe, ya ƙaddamar da aikin. An ce akwai ɗanyen mai sama da ganga biliyan 1. An ce za a gina matata mai tace ganga 120,000 a rana, da tashar wuta ta megawat 300, da masana'antar taki mai yin tan 2,500 kullum. Idan wannan ya tabbata wa zai ƙara tuna wani daffo? Can ya kamata mu haɗa baki.

Baban Hanifa: Ƙanena, ai ka faɗa da bakinka: idan ya tabbata. Matatar ta tashi?

Ɗan Pindiga: Ba ta tashi ba, shi ya sa nake cewa a matsa lamba.

Baba Tsohon Direba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don ni na ga zamanin da wannan daffo yake aiki. Matatar Kaduna an buɗe ta a 1980. Daga can bututu ya taso ya bi ta Jos, ya iso Gombe, ya zarce Maiduguri. Man yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa ana barci, ba birki ba taya. Mu direbobi sai mu yi sammako mu shiga layi a daffo, a yi mana lodi da hantsi, mutum ya kai Bajoga ko Dukku ko Kaltungo ya sauke, ya dawo ya yi sallar magariba a masallacin unguwarsu. Iyalinmu sun san mu. Motar ma tana daɗewa ba ta ga makanike ba don tafiyar ba ta da nisa. Yanzu yaran da suka gaje mu sai sun je Legas ko Warri ko Fatakwal, fiye da kilomita 1,000, kafin su samo abin da za a zuba wa mai acaba a Jekadafari. Duk tayar da ta fashe a hanya, duk man dizal da tankar ta sha, duk kwanan da aka yi a layi, a kan wa zai ƙare? A kan wanda ya miƙa kuɗi a bakin famfo. Shi kuma ɗanyen man Kolmani, ɗana na Pindiga, ko gobe ya fara fita ba a zuba shi a tankin mashin. Sai an tace. Kuma tun 1999 aka fara tona rijiya a wannan yanki, ka lissafa shekarun da kanka.

Maman Sadiq: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa sanin da bututu ake kawo mana mai ba, na taso na ga tanka ne kawai.

Alhaji na Kumo: Malam Baban Hanifa, tunda ka ambaci ƙungiyarmu bari in ba ka amsa, don ina da gidan mai kuma ina biyan kuɗin ƙungiya. Cewa ba mai maganar daffo bai yi mana adalci ba. Shugabannin IPMAN sun sha fitowa a gidajen rediyo da jaridu suna roƙon a gyara bututu da daffo-daffon cikin ƙasa. Ba wanda ya fi mu son haka. Ka duba lissafin. A ce na sayi lita a naira 900, tanka mai lita 45,000 ta haura naira miliyan 40 ke nan, kuɗi hannu kafin a yi lodi. Da yawanmu bashin banki ne. Kuɗin nan zai yi kwanaki yana tafiya a kan titi, in motar ta faɗi shi ke nan, in kuma farashi ya sauka tana hanya kai ne da asara. Da daffon Gombe yana aiki da na sayi abin da zan iya sayarwa a kwana biyu in koma in ƙaro.

A da akwai PEF, tun 1975 aka kafa ta don mutumin Maiduguri ya sayi mai kusan yadda mutumin Legas ke saye. Ka ɗauko daga kudu ka kawo arewa, ka kai takardu, a biya ka kuɗin dakon. Da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, wannan tsarin ma ya bi shi. Ka tuna farashin da NNPC ta fitar a makon: Legas naira 488, Maiduguri naira 557. Tazarar nan kuɗin hanya ce tsagwaronta. Kuma har bayan an daina tsarin, ƙungiya ta yi ta bibiyar tsofaffin kuɗin dakon da 'ya'yanta ke bi, har da barazanar rufe gidajen mai. Mu ma a cikin ruwan muke.

Maman Sadiq: Alhaji, ka yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Ni ƙanƙara da kunun aya nake sayarwa, janareta ne jarina idan ba wuta. Me ya sa idan aka ce an ƙara kuɗin mai da safe, kafin azahar kun sauya lambar famfo, alhali man da ke tankinku na tsohon farashi ne? Idan kuma aka ce ya sauka sai ku ce sai tsohon ya ƙare? Sannan akwai wani gidan mai da nake zuwa da galan ɗina mai cin lita 4, mita ta nuna 4 amma galan bai kai wuya ba. Na yi magana yaron ya ce in ban so in tafi. Ga kuma lokacin da ake wahala: gidan mai a rufe an ce babu, amma 'yan bumburutu suna jere a bakin ƙofarsa da jarkoki cike. Daga ina suka samo? Ƙungiyarku tana fitowa idan ana bin kuɗinku. Na taɓa jin ta fito ta ce ta hukunta ɗanta don ya tauye mudu? Ban ji ba.

Alhaji na Kumo: Hajiya, maganar matse mita haramun ce, wanda ya yi shi da Allah. Akwai masu yi, ba zan rufe ba. Amma ƙungiya ba ta da ikon rufe gidan man kowa, wannan aikin hukuma ne. Batun sauya farashi kuwa, in na sayar a tsohon kuɗi da me zan sayo sabo?

Maman Sadiq: To in ya sauka ma ai sabon da za ka sayo mai araha ne, Alhaji.

Alhaji na Kumo: Amma wanda ke ƙasa na riga na biya shi da tsada.

Maman Sadiq: Ka ga ke nan hagu da dama ni ce mai biya.

Anti Barista: Yaya Maman Sadiq, maganar galan ɗinki tana da inda ake kai ta, kuma abin takaici mutane ba su sani ba. Lasisin kowane gidan mai a hannun NMDPRA yake, ita ta gaji wannan aiki daga DPR, tana da iko ta auna famfo ta kuma rufe wanda ya tauye ko ya ɓoye mai ko ya karkatar da shi. Tana da ofisoshi a jihohi. Akwai kuma sashen awo da ma'auni na ma'aikatar kasuwanci ta tarayya, su ma famfon mai yana cikin abin da suke dubawa. Sannan FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Abin da ke kashe ƙorafinmu shi ne a baki muke yin sa. Ki rubuta ranar da lokacin, da lambar famfon, ki nemi rasit, ki ɗauki hoton mita da galan ɗin. In kun kai ku biyar ko goma daga unguwa ɗaya ku sa hannu a takarda guda, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Takarda mai hatimi tana da wuyar mantawa.

Baban Hanifa: Barista mun gode, wannan ya amfane mu. Amma ina so in dawo da mu kan daffo, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Alhaji ya ce IPMAN tana kira a gyara, na karɓa. Sai dai kira daban, yajin aiki daban. Mun ga an tsayar da lodi a ƙasar nan saboda kuɗin dako, NARTO ta yi haka a Fabrairun 2024. Mun ga NUPENG ta janye direbobi a Satumban 2025 saboda rikicinta da matatar Dangote kan shigar direbobi ƙungiya. Mun ga PENGASSAN ta shiga yajin aiki a ƙarshen watan na Satumba saboda korar ma'aikata. Duk haƙƙinsu ne, ban ce kada su yi ba. To yaushe aka tsayar da ko da tanka ɗaya don bututun Jos zuwa Gombe ya mutu? Wanda abincinsa ke fitowa daga doguwar hanya ba zai yi faɗa don a gajarta ta ba. Kowace ƙungiya 'ya'yanta take wa aiki, haka aka kafa ta. Mu masu saye mu ne ba mu da kowa.

Mai Tanka: Malam, na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, amma wannan ta taɓa ni. Kana nufin daɗi muke ji? Ka taɓa bin hanyar Jebba zuwa Mokwa da damina da lodi a bayanka? Ka taɓa hawa Hawan Kibo da daddare kana addu'ar kada giya ta kuɓuce? Ruwa ne a bayanmu, yana kaɗawa, kwana kaɗan ya isa ya kifar da mota. Ina da abokai da muka yi layi tare yanzu suna kabari. 'Ya'yana sai in yi mako biyu ban gan su ba. Wallahi da za a ce gobe ana lodi a Gombe ni ne farkon wanda zai yi sujadar godiya.

Kuma ƙungiyar da kake gani, ba don ita ba da direban tanka bai kai kare daraja ba a kan titi. In aka tsare ka ba gaira ba dalili, reshenmu na direbobin tanka ne zai zo. In mai mota ya hana ka haƙƙinka, su za su zauna da shi. In ka mutu su za su kai gawarka gida.

Baban Hanifa: Allah ya ba ka haƙuri, ya tsare ku a hanya, ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ban raina wahalarku ba. Amma ka faɗa mini tsakani da Allah: in bututu ya dawo, tankokin da ke zirga-zirga tsakanin kudu da arewa duk za su samu aiki?

Mai Tanka: Ba za su samu ba. Kuma masu motocin da suka ci bashi suka saya ba za su yi murna ba, wannan gaskiya ce. Amma ka raba mai mota da direba. NARTO ta masu mota ce, mu 'yan albashi da alawus ne.

Baba Tsohon Direba: Wannan ita ce maganar, ɗana. Kuma ku ƙara da rayukan da ba na direbobi ba. Ku tuna Majiya a Jigawa, watan Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka ƙone da tanka ta faɗi suka je kwasar mai. Wata uku bayan nan aka sake a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Bayan haka ne NMDPRA ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga watan Maris na 2025. Hanin yana da kyau, amma motar ce aka rage wa girma, hanyar tana nan da tsawonta. Man da ya kamata ya bi ƙarƙashin ƙasa shi ne yake ratsa tsakiyar kasuwanni da ƙofar makarantu tun daga Ibadan har Alkaleri.

Ni na san NUPENG tun tana da haƙora. A 1994 ita da PENGASSAN suka tsayar da ƙasar nan saboda soke zaɓen 12 ga Yuni, har Abacha ya ɗaure sakatarenta Frank Kokori shekaru. Ko ka yarda da dalilinsu ko ba ka yarda ba, ba don kuɗin aljihunsu suka yi ba. Ke nan ƙungiya tana iya ɗaukar maganar jama'a in ta ga dama.

Ɗan Bolari: Ni fa ina ganin kuna ɓata lokaci ne. Wa zai zuba kuɗi a bututun da ɓarayi za su fasa? Ai fasawar ce ta kashe shi tun farko, ga kuma matatar Kaduna da ke ba shi mai ita ma ta daɗe a kwance. Ko turakun wutar layin Jos zuwa Gombe da ke tsaye a fili an kayar a 2024, muka yi makonni a duhu. Kowa ya sa sola kawai ya huta. Kuma yanzu Dangote ya sayo motoci 4,000 masu aiki da gas zai riƙa kai wa gidajen mai da kansa, magana ta ƙare.

Alhaji na Kumo: Magana ba ta ƙare ba, yaro. Motar Dangote ma a kan titin nan za ta biyo daga Lekki. Muna murna da matatar, ta rage mana dogaro da man waje. Amma ɗan kasuwa ba ya son a ce ƙofa ɗaya ce tak ake saye, ko ta waye. Ranar da aka samu matsala a can, ko aka yi yajin aiki, ko gada ta karye a hanya, me muke da shi a ajiye a arewa maso gabas? Amfanin daffo ke nan ko da bututu bai dawo yau ba.

Maman Sadiq: Kuma solar da za ta ɗauki firiza biyu nawa ce? Da ina da kuɗinta ai da ban shigo wannan magana ba.

Ɗan Pindiga: Anti Barista, ni ma a ba ni amsa. Mu da man yake a ƙasarmu me doka ta ce a kanmu?

Anti Barista: Ƙanena, naku a hannun NUPRC yake. Dokar 2021 ta wajabta wa kamfanin da ke haƙo mai ya kafa gidauniyar raya garuruwan da ke karɓar baƙuncinsa, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na abin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata. Ka lura, kason kuɗin aiki ne, don haka inda aiki bai kankama ba abin da za a zuba ba zai taka kara ya karya ba. Akwai kuma sharaɗi mai zafi: in aka lalata kayan aiki a yankin, za a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Kashi 13 da ake ba jihohi masu arzikin mai kuma sai an fara haƙowa ana sayarwa. Dokar 2021 ɗin ta kuma tanadi kashi 30 na wata ribar NNPC don neman mai a sababbin yankuna irin namu. Abin da zan ba ku shawara shi ne ku da mutanen ɓangaren Alkaleri ku daina jayayyar a ƙasar wa rijiyar take. Ku zauna tun yanzu da hakimai da dagatai ku san su wa za su wakilce ku ranar da za a kafa gidauniyar, kada a kawo muku sunaye daga Abuja.

Ɗan Pindiga: Wannan jayayyar kam tana nan, har a tsakanin matasa.

Baban Hanifa: To Barista, shi daffon fa? Ƙofar wa?

Anti Barista: Bututun da daffon mallakar NNPC ne ta hannun reshenta mai kula da bututu da rumbuna, NMDPRA kuma ita ke sa ido. Harkar mai ta tarayya ce zalla a tsarin mulki, gwamna da majalisar jiha sai dai su yi roƙo. Waɗanda ke da ikon kiran hukuma su tambaye ta su ne 'yan majalisar tarayya. Gombe tana da sanatoci 3 da wakilai 6, Bauchi tana da sanatoci 3 da wakilai 12, kuma majalisun biyu duk suna da kwamitin harkar rarraba mai. Sannan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta ba ta kwana 7 ta amsa. Zan iya tsara takarda zuwa NMDPRA a tambayi halin da daffon da bututun suke ciki da shirin da ake da shi a kansu, a aika kwafi ga wakilanmu. Amma ba zan sa hannu ni kaɗai ba.

Baban Hanifa: Sa sunana. Zan kuma kai wa shugabannin 'yan acaba da na masu keke na unguwarmu, su ne suka fi kowa sayen mai kullum.

Alhaji na Kumo: Ki turo mini in ta kammala, zan gabatar a taron reshenmu. Ban yi alkawarin kowa zai yarda ba.

Mai Tanka: Ni an kira lambata, zan shiga lodi. Ku sa ni a ciki, in na iso Bauchi zan leƙo.

Ɗan Pindiga: Anti, a ƙara tambaya ɗaya a kan Kolmani don Allah.

Anti Barista: Wannan takarda daban za a yi mata zuwa NUPRC, in aka haɗa su kowace hukuma za ta ce ta ɗayar ce. Ka tattaro mini sunayen garuruwan da ke kewaye da wurin, na ɓangaren Gombe da na Bauchi duka, kafin Juma'a. Yaya Maman Sadiq, ke kuma ki fara ajiye rasit daga yau.